Yadda ake auna malamin kimiyyar kwantam kafin a nemi aiki da shi

Wani ɗalibina da ya gama digirin farko a fiziks ya tare ni bayan La'asar a Unguwar Rimi, waya a hannu, fuska cike da murna. Ya ce, "Malam, na samu wanda zan rubuta wa a kan digiri na biyu. Dubi lambobinsa." Na karɓi wayar na ga shafin wani farfesa a Google Scholar, lambobi kam manya. Na ce, "Madalla, ɗana. Wace maƙala tasa ka karanta?" Ya yi shiru. "Da su wa yake aiki?" Shiru. "Ɗaliban da ya yaye, ina suke yanzu?" Sai ya ce, "Malam, wannan kuma ta ina zan sani?"

Ana sani, kuma da waya ɗaya da data da littafin rubutu ake yi. Mu ba baƙi ba ne a wannan aiki. A zaurukan karatu na Zariya da Tudun Wada, idan aka ce wane malami ne, tambayar da ke biyowa ita ce a wurin wa ya ɗauki karatu, wa ya ba shi ijaza, su wa suka tashi a gabansa. Ba wanda ke ƙirga littattafan da ke ɗakinsa. Kimiyyar kwantam, wato reshen fiziks da ke bayanin halin zarra da ƙwayar lantarki da ƙwayar haske, ita ma tana da silsilarta, kuma a rubuce take a fili ga mai son bi.

Fara da tabbatar da cewa mutum ɗaya kake bi. Mujallun ilimi suna gutsure suna, sai ka ga "M. Sani" ko "Y. Zhang", alhali masu wannan suna sun fi a ƙirga. Google Scholar kan cusa maƙalar wani a shafin wani idan mai shafin bai kula ba. Nemi lambarsa ta ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012 don raba masu bincike masu suna iri ɗaya, kuma yawanci tana manne da sunan marubuci a shafin farko na maƙala. Gwada ta da shafinsa na jami'ar da yake aiki. Idan ka ga maƙalar haƙori ko ta noman masara a tsakiyar maƙalun kwantam, an haɗa shi da wani ne, ka cire ta daga lissafinka.

Daga nan sai ka gane wane irin malami ne. Akwai masu alƙalami da lissafi, akwai masu ɗakin gwaji. Wannan bambanci ya shafe mu ƙwarai a nan Kaduna. Mai gina kubit, wato ƙwayar lissafin kwamfutar kwantam, da wayar lantarki marar turjiya, yana bukatar firjin da ke sauke sanyi zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili, ya riƙe shi haka kwana da kwanaki ba ɗaukewar wuta. Aiki da irin wannan malami yana nufin tafiya wurinsa. Amma mai nazarin lissafin kwantam, ko tsare saƙo da kwantam, ko kwaikwayon halin zarra a kwamfuta, za ka iya aiki da shi daga Kawo ko Samaru. Kamfanin IBM ya buɗe ƙaramar kwamfutar kwantam ga jama'a ta intanet tun 2016, manhajarsa ta Qiskit kuma kyauta ce. Rubuta a littafinka: mai lissafi ne ko mai gwaji, kuma a wane lungu na fannin.

Yanzu lambobin. A shafin Google Scholar za ka ga uku: jimillar ambato, wato sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja da aikinsa, sai ma'aunin h, sai ma'aunin i10. Ma'aunin h shi ne wanda aka fi yayatawa. Wani masanin fiziks ne, Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro shi a 2005. Ga yadda ake lissafa shi da hannu. Jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. A ce misali takwas ne, an ambace su sau 90, 41, 30, 12, 9, 7, 6 da 3. Sauko kana ƙirge: ta shida tana da 7, ta kai shida har ta wuce, ta bakwai tana da 6, ba ta kai bakwai ba. To ma'auninsa 6 ne, wato yana da maƙala shida da aka ambaci kowacce aƙalla sau shida. Ka lura, ko da ta farkon nan sau 9,000 aka ambace ta, ma'aunin yana nan a 6. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ma'aunin ba ya gani. Shi kuwa i10 ƙirgen maƙalun da suka kai ambato goma ne kawai.

Hirsch da kansa ya kawo kimanin 12 ga mataimakin farfesa da kimanin 18 ga cikakken farfesa, amma yana magana ne kan masana fiziks a manyan jami'o'in bincike na Amurka a wancan lokacin. Ɗauko wannan mudu a auna malamin da ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai a Kaduna, yana biyan kuɗin data daga albashinsa, zalunci ne. Haka nan ma'aunin ba ya sauka, hawa kawai yake yi da shekaru, don haka dattijon da ya daina bincike tun tuni zai fi matashin da ke tashe yanzu. Maganin wannan yana nan a shafin: kusa da jimillar akwai layi na biyu na shekaru biyar da suka wuce, da zanen ambato shekara bayan shekara. Shi za ka fi kallo. Sannan ka buɗe Scopus, wani rumbun ƙirga ambato, wanda ke nuna taƙaitaccen bayanin marubuci kyauta, ka kwatanta. Lambar Scopus kusan kullum ta fi ƙanƙanta, domin Google Scholar yana haɗawa da kundin digiri da daftari da komai, shi kuwa Scopus mujallu da taruka da littattafan da ya tantance kawai yake ƙirgawa. Bambanci kaɗan ba komai ba ne. Idan tazarar ta yi yawa ainun, sa alamar tambaya.

Ina son ka riƙe labarin John Bell a ranka duk lokacin da lamba ta burge ka. A 1935 Einstein da Podolsky da Rosen suka rubuta maƙalar da ke tuhumar cikar ka'idar kwantam, saboda abin da yau ake kira sarƙewa: ƙwayoyi biyu da suka haɗu su rabu, amma sakamakon awon ɗaya ya kasance a ɗaure da na ɗayar komai nisa. Shekaru da yawa ana ɗaukar zancen a matsayin gardamar falsafa. A 1964 Bell, wanda ke aiki a CERN, cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyi ta Turai, ya nuna cewa ana iya raba gardamar da gwaji. Ya buga aikin a wata sabuwar ƙaramar mujalla da ba ta wuce shekara huɗu a duniya ba, kuma shekarun farko kusan ba wanda ya waiwaye shi. Da a lokacin aka auna wannan maƙala da yawan ambato, da an ce ba ta da tasiri. John Clauser da Stuart Freedman suka yi gwajin a 1972, Alain Aspect da abokan aikinsa suka ƙarfafa shi a Faransa a 1982, Anton Zeilinger ya ɗora a Austriya a shekarun 1990. A 2022, shekara 58 bayan maƙalar Bell, aka ba Clauser da Aspect da Zeilinger kyautar Nobel a kan wannan layin aiki. Bell ya rasu tun 1990. Haka ma hanyar tsare saƙo ta Charles Bennett da Gilles Brassard, wadda ake kira BB84: a wani taro a Bangalore ta Indiya suka gabatar da ita a 1984, ba a wata babbar mujalla ba, yau kuwa ita ce tushen fanni guda.

Saboda haka mataki na gaba, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne karatu. Je arXiv. Rumbu ne da Paul Ginsparg ya kafa a 1991, a 2001 ya koma hannun Jami'ar Cornell, kuma kusan duk mai aikin kwantam yana ajiye maƙalarsa a can kafin ko mujalla ta buga ta. Ba a biyan ko kwabo. Sashen kwantam ana kiransa quant-ph. Lambar kowace maƙala tana farawa da shekara da wata, misali 2403 na nufin Maris na 2024, don haka da kallo ɗaya za ka san ko malamin yana aiki bana ko ya tsaya. Ka tuna dai abin da ke arXiv ba lallai masana sun tantance shi ba. Duba ƙasan shafin ko an rubuta mujallar da ta karɓa daga baya.

Zaɓi uku: wadda aka fi ambata, ta baya-bayan nan, da ɗaya wadda shi kaɗai ya rubuta ko shi da mutum guda. Sauke su a waya lokacin da kake da intanet mai ƙarfi. Kada lissafin tsakiya ya tsorata ka, ba a nan za ka fara ba. Karanta taƙaitawar farko, sai gabatarwa, sai ka tsallaka zuwa zane-zane da kammalawa. Bayan haka rufe wayar ka rubuta jimla uku da Hausa: wace tambaya ya yi, me ya samu, me ya rage bai warware ba. Idan Hausar ta ƙi fitowa, ba ka gane ba tukuna, koma ka sake. Na sha gwada wannan da ɗalibai, kuma ban ga abin da ke tona rashin fahimta kamarsa ba, domin Turanci yana barin mutum ya maimaita kalmomin da bai san cikinsu ba.

Bayan ka karanta, duba su wa suke ambatonsa. A Google Scholar, danna lambar ambato da ke gaban maƙalar, jerin masu ambato zai fito. Abu biyu kake nema. Na ɗaya, shi ne ke ambaton kansa, ko shi da abokansa uku suna zagaya juna? Ambaton kai ba laifi ba ne, dole mai gini ya ɗora a kan tubalinsa na jiya, amma idan ka cire shi da mutanensa jerin ya zama fayau, aikin bai fita daga gida ba. A Google Scholar za ka iya zaɓar bincike a cikin masu ambato, ka rubuta alamar ragi da author da sunansa, a cire maka nasa. Rumbun INSPIRE, na masu fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi, yana da maɓallin cire ambaton kai. Na biyu, buɗe biyar daga cikin masu ambaton ka nemo inda suka kira sunansa. Akwai wanda aka jefa a cikin jerin lambobi ashirin a gabatarwa, akwai wanda aka ce da hanyarsa muka yi wannan aiki, akwai kuma wanda aka ambata don a ce ya yi kuskure. Kwamfuta duk ɗaya take ƙirga su.

Sai silsila. Ɗauki shafi biyu na littafinka, rubuta sunan malamin a tsakiya. Bi maƙalunsa na shekara biyar zuwa bakwai da suka wuce, duk sunan da ya fito tare da nasa ka rubuta shi a gefe da jami'arsa, ka ja layi, kuma duk lokacin da ya sake fitowa ka ƙara ɗigo. Kada ka dogara da jerin abokan aiki da ke gefen shafin Google Scholar, wannan mai shafin ne ke zaɓar wanda zai sa. Akwai manhajar VOSviewer ta Jami'ar Leiden da ke zana irin wannan taswira kyauta, amma na fi son ɗalibi ya yi ta farko da hannu, don sunayen su zauna masa.

Kafin ka fassara taswirar, san al'adar jera suna. A yawancin maƙalun gwaji, na farko shi ne wanda ya yi wahalar aikin, galibi ɗalibin digiri na uku ko sabon dakta, na ƙarshe kuma shi ne shugaban rukunin da ya nemo kuɗi ya ba da alƙibla. Na tsakiya kowa da gwargwadon hannunsa. Amma a wasu lungunan lissafi da nazarin bayanan kwantam bisa haruffa ake jerawa, sai mai suna Abubakar ya riga mai suna Zubairu ko da wa ya fi aiki. Duba maƙalu uku na rukunin za ka gane wace al'ada suke bi. Wasu mujallu, irin su Nature, suna sa sakin layi a ƙarshe da ke faɗin abin da kowane marubuci ya yi, karanta shi. Kuma ka yi hattara da manyan gungu. A 2015 rukunan ATLAS da CMS na CERN sun fitar da maƙala ɗaya a kan nauyin ƙwayar Higgs mai marubuta fiye da 5,000. Kowannensu yana kwasar ambaton maƙalar gaba ɗaya a shafinsa. Aikin na gaske ne, amma lambar ba ta gaya maka rabon mutum ɗaya a ciki.

Taswira mai lafiya tana da kamanni. Za ka ga suna biyu ko uku masu ɗigo da yawa, abokan tafiya na shekaru. Za ka ga sunayen matasa suna shigowa a matsayi na farko, su yi shekara uku ko huɗu, su fita. Za ka ga jami'o'i fiye da ɗaya, watakila ƙasashe. Wadda ke sa ni ja da baya ita ce mai sunaye barkatai, kowanne sau ɗaya, a fannonin da ba su haɗa hanya ba, malamin kullum a tsakiya: taron tsintsiya ba shara. Sau da yawa wannan alamar ana saka suna ne don a taimaki juna wajen ƙarin girma, al'adar da ta yi mana illa a jami'o'inmu, kuma ina faɗin haka da ciwon zuciya domin ɗalibi ne ke biyan kuɗinta.

Waɗannan matasan da suka shigo suka fita, bi su. Nan ne amsar tambayar da ɗalibina ya ce ta ina zai sani. Sa sunan kowanne a Google Scholar ko arXiv ka ga inda yake yau, kuma ko yana ci gaba da bugawa ba tare da malamin ba. Pan Jianwei ya yi digirinsa na uku a hannun Zeilinger a Vienna, yana cikin waɗanda suka yi gwajin 1997 na tura halin ƙwayar haske daga wuri zuwa wuri. Ya koma ƙasar Sin ya jagoranci tauraron ɗan'adam Micius da aka harba a 2016, wanda a 2017 ya raba sarƙaƙƙun ƙwayoyin haske tsakanin tashoshi biyu masu tazarar kimanin kilomita 1,200. A shekarar kuma malami da ɗalibi suka haɗa Vienna da Beijing da kiran bidiyo da aka tsare da mabuɗin kwantam. Kyautar Nobel ta 2025 ma haka ta fito: John Clarke malami ne a Berkeley, Michel Devoret sabon dakta a ɗakin gwajinsa, John Martinis ɗalibinsa, a gwaje-gwajen 1984 da 1985. Martinis ɗin ne daga baya ya jagoranci aikin kwamfutar Google mai kubit 53 a 2019. Idan ka samu tsohon ɗalibin malamin da za ka iya tuntuɓa, tambaye shi cikin ladabi yadda zama da shi yake: yana karanta abin da aka kai masa, yana barin ɗalibi ya sa sunansa a gaba?

Duba mujallun da yake bugawa, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Physical Review Letters, Physical Review A, PRX Quantum, Quantum da New Journal of Physics sanannun gidaje ne a fannin. Mujallar da ke alƙawarin bugawa cikin mako guda idan an biya, mai karɓar fiziks da kasuwanci da kiwon kaji a fitowa ɗaya, a guje ta. Bincika sunanta a Scopus ko DOAJ, kundin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta. Sa sunan malamin kuma a rumbun Retraction Watch, mai tattara maƙalun da aka janye. Babban gida ma yana tuntuɓe: maƙalar 2018 a Nature da ta ce an ga alamar ƙwayar Majorana an janye ta a 2021. Janyewa ba kullum take nufin ha'inci ba, karanta sanarwar ka ga dalili.

Abu na ƙarshe a cikin maƙalar shi ne sakin godiya, wanda kusan kowa ke tsallakewa. A nan ake faɗin wa ya ba da kuɗi da inda aka zauna aka yi aikin. Kai da ke Kaduna, gadar da za ta kai ka kake nema. Idan ka ga ICTP, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 don masana daga ƙasashe masu tasowa, malamin ya san irin halin da muke ciki. Cibiyar tana da difloma ta shekara ɗaya bayan digiri, da tsarin da malami zai riƙa zuwa yana dawowa ba tare da ya bar jami'arsa ba, tana kuma da reshe a Kigali tun 2018. Haka idan ka ga AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, ko Jami'ar Wits da ke Johannesburg inda ake aikin ƙwayar haske, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, wadda jirgin ƙasa daga Rigasa zai kusantar da kai gare ta cikin 'yan sa'o'i. Kada kuma ka raina na kusa. Yi wa malaman fiziks na Jami'ar Jihar Kaduna da NDA da Jami'ar Ahmadu Bello wannan awon daidai yadda ka yi wa na waje. A Zariya akwai Cibiyar Binciken Makamashi mai tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004. Sau da yawa layin da ka ja a taswirar farfesan Turai zai biyo ta kan wani malami da mota ɗaya daga tashar Kawo za ta kai ka ofishinsa, kuma zuwa da kai ya fi aike.

To sai wasiƙa. Gajera, kada ta wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da dogon ja ba. Gaisuwa layi ɗaya da muƙaminsa daidai. Doguwar gaisuwarmu mai daɗi ce a zaure, amma wanda ke samun wasiƙu da yawa a rana zai rufe kafin ya kai ga bukatarka. Faɗi ko kai wane ne da inda ka yi karatu. Kira maƙalar da ka karanta da sunanta, ka kawo jimla ta uku da ka rubuta a littafinka, wato abin da ya rage bai warware ba, ka yi tambaya ɗaya ta gaske a kansa. Idan ka sake lissafa wani zane nasa da harshen kwamfuta na Python ko Qiskit, haɗa shi, wannan ya fi kowace takardar yabo. Faɗi abin da kake nema a fili: duba aiki, ko shiga taron rukuninsa ta intanet, ko shawarar abin karantawa. Kada ka tura wasiƙa ɗaya ga mutum ashirin, suna ganewa daga layin farko.

Idan mako biyu ya wuce shiru, tura tuni guda ɗaya, layi biyu. Idan shirun ya ci gaba, koma littafinka ka dubi sunan da ya zo na farko a maƙalar da ka fi so. Galibi matashi ne da bai daɗe da gama digiri na uku ba, shi ya yi lissafin da hannunsa, akwatin wasiƙarsa bai cika ba, kuma adireshinsa yana nan a ƙasan shafin farko.